Gaisuwar da Ta Gyara Rufinmu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwarta, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma bakina ƙaiƙayi yake yi da labarin gidanmu. Masu karantawa ta bayan kafaɗata kuwa su yi haƙuri, da uwata nake magana.

Kin fi kowa sanin benen nan namu na Kakuri. A cikinsa kika haife ni, tun masaƙa na aiki, Baba na dawowa da auduga a gashin kai. Da masaƙa ta rufe aka sayar da benen ga wani Alhaji ɗan kasuwa da ba mu taɓa ganin ko ƙeyarsa ba, sai dai ejan ɗinsa. Sokawen masai ta fashe, famfo ya ƙafe, ƙarfen matattakala ya cire. Kowa ya shige ɗakinsa yana ƙunƙuni.

Ke kika fara tara mutane. Kika bi ƙofa-ƙofa da zanin girki a jikinki, kina cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kika zaɓi Asabar, don Juma'a ta masu masallaci ce, Lahadi ta masu coci. A ƙarƙashin matattakala ake zama, kowa da 'yar kujerarsa. Da hannunmu muka yashe sokawe, muka sa wani mai walda da ke haya a hawan ƙasa ya mayar da ƙarfen. Malam Yohanna, tsohon malamin firamare, shi ne sakatarenmu. Yakan rubuta wa mai gida takarda da Turanci mai nauyin da shi kansa sai ya huta a tsakiya in yana karanta mana. Ejan ya ninke ya sa aljihu, ya ce za a duba. Shekaru muka yi ana dubawa.

Rufi ne ya gagare mu. A hawan sama kuwa Mama Rifkatu take, ƙawarki ta rai da rai, mutuniyar Kafanchan, wadda mijinta ya yi aikin masaƙa tare da Baba har ya rasu. Tun ina yarinya kwano ke hawa da sauka tsakaninku, naki da tuwo, nata da gwaten acca. Bara silin ɗinta ya sha ruwa ya kumbura, ya rufto dab da gadonta. Ɗanta ya rantse in damina ta sake samun ta a haka, zai zo ya kwashe ta ya mai da ita gida. Ban taɓa ganin kin tsorata ba sai ranar. Ko tuwon kirki ba ki ci ba.

Maza suka ce a bar musu. Suka binciko gidan Alhaji a Barnawa, suka yi mako guda suna bitar abin da za su faɗa. Suka je cikin manyan riguna, Malam Yohanna da kwat. Alhaji ya fito da fara'a, ya tambaye su ya gida, ya iyali. Inna, maza bakwai, baki ɗaya suka amsa lafiya lau, Alhamdulillahi. Ya ce madalla, haka yake son ji, ya sa aka ba su goro, ya shige mota. Suka dawo da goro a leda kamar masu rakiyar ango.

Dariyar da kika yi ranar har sai da kika riƙe bango. Da kika share hawaye kika ce to, tunda gaisuwa muka iya, sai mu gaishe shi har ya gaji.

Asabar ta gaba muka cika keke-napep uku, masu hijabi da masu ɗankwali. Kika gargaɗe mu kada wadda ta kuskura ta ambaci rufi. Muka zauna a falonsa, muka gaishe shi, muka tambayi gwiwarsa da kasuwa da jikoki. Da za mu tashi kika ce gaisuwa ce kawai ta kawo mu, mu ma ƙofarmu a buɗe take. Asabar ta biyu haka. Ta uku ya fara leƙe ta taga kafin ya fito. Hajiyarsa kuwa ta saba da mu, har zoɓo take ajiye mana. A ta biyar ita da kanta ta ce masa, a gabanmu, mutane sun tako har sau biyar shi bai taka ko sau ɗaya ba, wannan ai abin kunya ne.

Ya zo rama gaisuwa, Allah kuma Ya taimake mu da hadari. Ya hau benen yana haki, ejan na bin sa a baya. Kika wuce da shi kai tsaye ɗakin Mama Rifkatu, kika ba shi kujera mafi kyau. Ruwa ya sauko. Ɗigo na farko a hula, na biyu a wuyan babbar riga. Bawan Allah ya daure ya tambaye ki ya gida. Kika dube shi ko gezau, kika ce lafiya lau, Alhaji. Ya ɗaga kai ya hango sararin sama ta hujin kwanon rufi, sai ya fashe da dariya har da tari. Ya ce kin ci shi da yaƙi. Ya juya kan ejan, ashe ko ɗaya daga takardun Malam Yohanna ba ta taɓa isa hannunsa ba. A nan ya yi alkawarin sabon rufi da zarar ruwa ya ɗauke.

Ya cika alkawari, Inna. Ke ce ba ki jira ba. Kafintoci na sauke katako, mu muna karɓar gaisuwar rasuwarki. Wallahi na ji haushin ƙarar gudumarsu, na kuma ji daɗinta. Ina kewarki, musamman ranar Asabar, da yanzu ni suka ɗora a kujerarki ba tare da sun tambaye ni ba.

Shekaranjiya da la'asar aka yi ruwan farko. Ɗan Mama Rifkatu ya riga ya iso da mota tun safe, wai ko da rufin zai sake yoyo. Hadari na haɗuwa ta fito da robobinta da tukwane ta jera a tsakar ɗaki, duk muna ce mata ta bari ta ƙi. Muka tsaya muna kallon silin. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko ɗigo bai sauka ba. Ta taɓa cikin roba ta ji a bushe, ta rangaɗa guɗa, ta kori ɗanta da ƙullin gyaɗa ya kai wa yara.

Da kowa ya watse ta kama hannuna ta riƙe. Ta ce in gaya miki ita ba ta tafi ba, ke ce kika yi mata wayo kika riga ta.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Yadda kika nema wa maƙwabciyarki inuwa, Allah Ya sa ki a inuwar Al'arshinSa, Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa mu a gidan da ba a tashin kowa. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Zulai