Fitilar Baba

Daren Talata, 9 ga Sha'aban, Gumel.

Yau muka binne Habu, ɗan maƙwabcina. Liman ya ja da baya, ya ce wani ya ja sallar. A wajen zaman makoki kowa sai "gajeriyar jinya" yake cewa, alhali duk mun san shi ya kashe kansa.

Ɗazu na ji wani likita a rediyo yana cewa ƙasashen da suka matsa wa giya, masu kashe kansu sun ragu. Wataƙila haka ne. Mu nan an hana ta tuntuni, kuma ban yi kewarta ba. Kawu Tanko nake tunawa. Muna yara, in ya bugu a gidan giyar bayan tasha, Baba ke ɗaukar fitila ya je ya taho da shi, yana riƙe da hannunsa yana faɗa: "Tanko, ba ka jin kunyar furfurarka?" Inna kuma ta ɗumama masa tuwo. Abin kunya ne, amma duk unguwa ta san ciwonsa. Daga baya ya tuba, ya mutu tsoho da carbi a hannu.

Habu kuwa, tun da cinikinsa na kasuwar Maigatari ya karye, sai ya shige ɗaki da kwalaben maganin tari. Ba wari, ba tangaɗi. Kullum sai ya durƙusa mini ya ce, "Baba, ina kwana?" Ni kuma in ce yaron kirki.

Fitilar Baba tana nan ƙarƙashin gadona. Ƙofar da zan kai ta ce ban sani ba.