Binciken Yayana Ya Faɗi a Hannuna

Hajiya Firdausi, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana.

Ni ma'aikaciyar jinya ce 'yar Bodinga, ina ƙarin karatu. Aikin da aka ba ni shi ne in tattaro duk binciken da aka taɓa yi kan magance gudawar yara da jiƙon itatuwa, in tace su, in auna ingancin kowanne, sannan in haɗa sakamakonsu a ga abin da suka nuna baki ɗaya. Mu biyu muke yi, ni da abokin karatuna Lukman, kowa ya duba nasa shi kaɗai kafin mu gwama. Tun kafin mu buɗe takarda ko ɗaya muka rubuta ƙa'idojinmu.

A cikin takardun har da ta yayana, Yaya Malami. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni makaranta a bayan babur. Ya yi shekaru yana aikin lafiya a ƙauyukan Shagari, a can ya gwada wani jiƙo, ya rubuta cewa yana tsayar da gudawa. Da na karanta a tsanake sai na ga yaran da suka fara shan jiƙon sun fi waɗanda aka ƙirga a ƙarshe yawa. Kusan ashirin babu labarinsu. Lukman ma ya gani, ya ce bisa ƙa'idarmu binciken mai rauni ne ƙwarai. Da muka ajiye shi gefe, sauran ba su nuna wani amfani ba.

Hajiya, har yanzu mata suna dafa jiƙon nan saboda sun yarda da Yaya. Da damina 'yar Rabi, ƙawata, ta rasu a ƙauyen Lambara. Jiƙon aka yi ta ba ta, ba a kai ta asibiti ba sai da idonta ya faɗa. Na je gaisuwa na kasa kallon Rabi.

Shi kuma Yaya bara ɓarin jikinsa ya shanye. Duk wanda ya zo duba shi sai Yaya ya ja maganar binciken nan da bakinsa da ya karkace. Abin da ya rage masa ke nan. In na rubuta gaskiya na kashe shi da ransa, in na sassauta wata uwar za ta binne ɗa. Ya zan yi?

Ƙanwar Malami, Bodinga

Ƙanwata, Allah ya jiƙan yarinyar, ya ba yayanki lafiya.

Da farko, ki cire hannunki daga auna takardarsa. Ki sanar da malamin da ke duba aikinki cewa yayanki ne, a sa wani ya auna ta tare da Lukman. Duk hukuncin da suka yanke ki rubuta shi yadda yake. Ƙa'idar da kuka kafa tun farko saboda irin wannan ranar aka kafa ta.

Amma kada ki yanke wa yayanki hukuncin da takardar ba ta yanke ba. Yaran nan da babu labarinsu wataƙila sun rasu, wataƙila iyayensu sun tashi da dabbobi, wataƙila bai san ana bayyana irin wannan ba. Mai bincike yana da haƙƙin a tambaye shi. Ki je da kanki, ki zauna a gabansa da ladabi, ki tambaye shi ina suka shiga. Ya ji daga bakinki kafin ya ji a bakin duniya. Zai ji zafi, ba zan ɓoye miki ba, kuma yana iya ɗauke miki magana.

Abin da ba zai jira ba shi ne yaran da har yanzu ake ba jiƙon. Tun makon nan ki sami jami'an lafiya na yankin, a ja kunnen iyaye: ruwan gishiri da sukari tun farko, asibiti da wuri. In Yaya Malami ya yarda ya aika da wannan saƙon da sunansa, matan da suka dafa jiƙo don shi za su ji maganarsa fiye da taki. In ya ƙi, ki aika da naki.

Allah ya ƙarfafa zuciyarki, ya tsare mana 'ya'yanmu.

Hajiya Firdausi