Wutar Tablon Motar Baba

Gazawa, ran Asabar

Yaya Kubra,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lahiya, ke da Yaya Abdulƙarim da ɗana Falalu. Kukar da ke cikin ƙullin nan Inna ta aiko, takardar da ke ƙarƙashinta kuwa tawa ce. Baba bai san yana ɗauke da ita ba, don Allah kar ki buɗe a gabansa.

Yaya, na gama littafi na biyu na labarin soyayyar nan. Likitan nan har yanzu bai faɗa mata yana sonta ba. Ya zo har bakin ƙofa, ya tsaya, ya juya. Na rufe littafin na yi ta kallon katanga kamar wadda aka yi wa rasuwa. Asiya ɗiyar Baba Haladu mai gyaran wutar mota ce ta ara mini, amma ba ta da na uku. Ki duba mini a kasuwarku ta Gidan Rumji.

Kin san Baba ya ce kar ya sake ganin littafin soyayya a gidan nan sai na ci jarrabawar brebe. Na rasa wurin ɓoyo, don Inna ko ƙarƙashin katifa ba ta bari. Sai Allah ya ba ni wuri: motar hayar Baba. Ni ke share cikinta duk ranar da ba ta fita ba. Ƙarƙashin tablo, allon nan na gaban mota mai agogo da allurai, wajen ƙafar fasinja, akwai wata roba da kusarta ta faɗi. In na ɗaga ta na tura littafin, sai in ɗan danna, ya shige lif, kamar don shi aka yi wurin. In na gama shara sai in rufe ƙofa in zauna a kujerar gaba in yi karatuna, ina ji kamar wani ne ya zo ɗaukata.

Baba kuwa kwanan nan sai faɗa. Wutar tablon ce ke masa wasa: yana cikin tahiya da asuba ta ɗauke, ya buga mata hannu ta dawo, a shiga gargada ta sake ɗaukewa. Sau biyu yana kai wa Baba Haladu a tasha. Na farko ya sake fizibil, wato fiyus, na biyu ya sake ƙwayayen fitilar. A garaj sai ta yi ta ci tas, kamar tana tsoronsa. Ni dai in na ji za a kai ta, tun da safe nake cire kayana. Inna ta ce a yi wa motar tofi.

Ki gaida Falalu, ki ce ina nan ina saƙa masa hula.

Ƙanwarki,
Furera

Gidan Rumji, ran Lahadi

Furera,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya, kuka ta iso, ki yi wa Inna godiya.

Ke sarauniyar mafarki, mi ake koya muku a lakol ɗin nan? Sake karanta takardarki da kanki. In littafi na ciki wuta na ɗaukewa. In za a je garaj kin cire, wuta ta zauna. Aljanin da Inna ke son a yi wa tofi, ai shi ke saƙa wa Falalu hula.

Na tambayi Abdulƙarim, ban ce motar wa ba. Kin san shi da gyaran rediyo. Ya ce wutar da ta mutu gaba ɗaya ba ta da wuya, amma mai zuwa ta tahi, to wani abu ne ke taɓa waya yana saki, kuma mai gyara ba ya kama ta sai ta yi a gabansa. Abin nan da kika ce kina dannawa ya shige lif, mi kike tsammani yake dannewa?

Cire shi yau ɗin nan, kar ki sake. Na uku kuma ba ni saye. In likitan ba zai yi magana ba, ta auri mai shayi.

Yayarki,
Kubra

Gazawa, ran Asabar

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Wannan ta hannun maƙwabciyarmu na bayar, ban iya sa ta cikin kayan Baba ba.

Takardarki ta iso, amma ta makara da yini ɗaya. Ranar Lahadin nan da Baba ya taso daga wurinku, bayan magariba, sun wuce Agye kaɗan wutar ta ɗauke, ta ƙi dawowa. Ashe wani tiyon ruwa ya tsage, inji yana ta zafi, allurar zafi ta tablo ta hau har ƙarshe, shi bai gani ba sai da hayaƙi ya turnuƙe. Fasinja tara, har da tsohuwa da kajinta, suka sauka gefen hanya. Wani ya ce masa, "Shekara ashirin da biyar kana tuƙi, ba ka san motarka na tafasa ba?" A can ya kwana. Da safe aka jawo ta kai tsaye zuwa garaj, ba ta biyo gida ba. Littafin yana ciki, Yaya.

Asiya ta ba ni labarin sauran, tana kuka. Wai Baba ya tsaya tsakiyar tasha, direbobi cike, ya ce da Baba Haladu, "In idonka ya mutu ka faɗa, mu nemi mai gani! Sau biyu kana sake mini abin da lahiyarsa lau." Baba Haladu bai ce komi ba sai "Bar ta, Sha'aibu." Mutumin da ya yanka ragon sunana.

Ran Laraba aka maido motar. Wuta na ci, ba ta ƙara ko ƙyaftawa ba. Baba ya ce, "Kun gani? Sai da aka yi masa tsawa ya yi aikin kirki." Na jira gida ya yi shiru, na je na leƙa. An ɗaure robar da sabuwar kusa. Na kwance da wuƙar Inna. Babu littafi.

Asiya ta ce tun ranar mota ɗaya tak aka kawo wa babanta. Yana zaune kan benci yana goge sifanu waɗanda ba su yi datti ba. Ba ta san komi ba, har tambayata take ko na gama littafinta. A aji na koma bencin baya. Tuwo ba ya wuce mini.

Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakin Baba. Na ukun har na yi sallama. Ya ce, "Mi ne ne, auta?" Na ce ko a kawo ruwa.

Mi zan yi?

Furera

Gidan Rumji, ran Litinin

Furera,

Wa alaikumus salam. Ba ni da dariya yau.

Kin san abin da za ki yi, so kike in ce miki akwai wata hanya. Babu. Zan iya kiran Baba a waya in faɗa masa, amma ba zan yi ba. Ba ni na tura littafin ba.

In bakinki ya ƙi buɗewa, ai hannunki ya iya zuba. Fara da wanda kika ɓata wa suna. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ƴar ƙanwata. Ki ci abinci.

Kubra

Gazawa, ran Laraba

Zuwa ga Baba Haladu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa irin ta ɗiya ga ubanta, da fatan an tashi lahiya.

Baba, na kasa zuwa da ƙafata, shi ya sa na ba Asiya wannan a liƙe. Littafin da aka samu a bayan tablon motarmu ni na sa shi. Ba sau ɗaya ba, wata biyu ina yi. In za a kawo maka motar sai in cire, shi ya sa ba ka samu komi ba. Ban san ina taɓa waya ba, amma da na sani ma shiru na yi. Duk maganar da aka faɗa maka a tasha tawa ce.

Ka yafe mini don Allah. Asiya ba ta da laihi, aro kawai ta ba ni.

Ɗiyarka mai kunya,
Furera

Tashar Gazawa, ran Alhamis

Ɗiyata Furera,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takarda ta iso, na karanta. Na yafe, duniya da lahira.

Na sani tun ranar Litinin. Da mutane suka watse na kwanta ƙarƙashin tablon, na kunna wuta, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ina girgizawa. Da na kai hannu bayan robar nan wuta ta ƙyafta, sai na ji takarda. Akwai wani haɗi a wurin inda wayoyi shida ke shiga juna, da wayar mas, wadda ke ɗaure jikin ƙarfen mota. Littafin ya ture haɗin ya saki rabi. Mota na tsaye yana taɓawa, in ta shiga rami ya rabu. Na buɗe bango na ga sunan Asiya, na kuma san wadda ke share motar.

Ni ma da nawa. Sau biyu na sake kaya ban kwanta na duba ba, don wutar na ci a gabana. Da na tambaya wa ke shiga motar in tana gida, da ba a kai nan ba. Mai gyara da ya yi gaggawa ya ci zagi, ba a zalunce shi duka ba.

Ban faɗa wa Sha'aibu ba, kuma ba zan faɗa ba. Ranar yana cikin fushi, ban so ya kai shi gida ba. Ba ni zan kai ƙarar ɗiya wurin ubanta ba. Direbobi kuwa kar su dame ki, ranar da fitila ta mutu musu za su tuna hanyar bencina. Abu ɗaya ne ya tsaya mini: shekara talatin muna sahu ɗaya da mahaihinki a masallacin tasha, kafaɗa da kafaɗa. Yanzu in ya gan ni dama sai ya yi hagu. Ban faɗa don in ɗora miki ba. Kin yi mini gaskiya, na yi miki.

Littafin yana cikin akwatin kayan aikina, ku biyun ba mai ganinsa sai an yi brebe. Na leƙa shafi biyu. Likitan nan, yaushe yake duba marasa lahiya?

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Haladu mai wutar mota

Gazawa, ran Juma'a

Yaya,

Assalamu alaikum. Na faɗa masa. Jiya da la'asar, ina zuba masa ruwan alwala, kaina a ƙasa, na faɗi duka. Ruwan ya ƙare a buta ban sani ba.

Tambaya biyu ya yi. "Haladu ya sani?" Na ce ya sani. "Tun yaushe?" Na ce tun ranar da aka jawo motar. Bai doke ni ba, Yaya. Da ma ya doke ni. Tuwon dare ma a rufe aka ɗauke shi.

Yanzu ya sa rigar Juma'a. Ya ce in ɗauko lulluɓina, tasha za mu kafin a watse. Inna ta ce, "Malam, da yarinyar?" Ya ce, "A gaban mutane na yi, a gabansu zan gyara. Ita ba za ta yi magana ba, tsayawa kawai za ta yi ta ji yadda ake ba da haƙuri."

Yana waje yana jirana. Ki yi mini addu'a.

Ƙanwarki,
Furera