Silin Babban Falo

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau nake, sai ɗan ciwon wuya. Ka san aikin silin, kullum kai a sama.

Na ce muku ƙarshen wata zan dawo, to ba zai yiwu ba. Silin babban falon da na aiko maka zanensa, mai furanni zagaye da fitilu, wata uku muka yi kafin mu gama. Sai wani baƙo ya ɗaga kai ya ce wa maigidan, "Ai na ga irinsa a gidan surukinka." Washegari maigidan ya ce a fasa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko tsaga ɗaya babu."

Ya ce, "Na sani. Zana mini wanda babu mai irinsa."

Ni na ɗauki gudumar da kaina, don ban so wani ya taɓa shi ba. Kwana biyu kacal muka sauke shi.

Na fara sabon zane, amma jikina a sanyaye yake. Ka lallashi Inna. Ka ce mata aikina ne ya yi kyau, shi ya sa suka riƙe ni.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka