Akuyar da Adda Ta Ba Ni Kiwo

Zonkwa, watan Agusta

Zuwa ga ƙawata Bahijja,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da kakarki Adda da Kawu Hamma da duk mutanen Roni. Mun iso lafiya, godiya ga Ubangiji. Wayata ta zama madubi a ƙauyen nan, sai an hau dutse ake samun sabis, shi ya sa na koma takarda. Haladu direba, mai kai citta Kazaure duk mako, shi zai riƙa yi mana aike.

Hutu dai ya yi daɗi. Kakata ta dube ni sama da ƙasa ta ce Jigawa ta tsotse ni, ta ɗora tukunyar fate, tun ranar ban san yunwa ba. Da sassafe mukan taru a tsakar gida mu yi addu'a, Baba ya yi karatu, kakata kuma ta ja waƙa da muryar da ke watsa kaji. Daga nan sai gona. Ni da nake cika baki da noman gero, aka ba ni fartanya a gonar citta, kafin hantsi bayana ya ce bai san zancen ba.

Ga babban labari. Lahadin ƙarshen wata danginmu za su yi sujadar godiya a coci saboda kakata ta tashi daga ciwon bara, kuma ni aka zaɓa in ja waƙa. Ni Dinatu! Har anko aka ɗinka mana. Ko wanka nake yi gwaji nake.

Yaya 'Yar Gata, akuyar da Adda ta ba ni kiwo? Na san cikinta ya tsufa. Ranar tahowarmu mota ta zo da wuri, Adda ta tafi tatsa, sai Baba ya ɗaure ta a ƙofarku, ya ajiye buhun dusa da kwanon ruwanta don kada mu ɗora muku nauyi. Kin san na yi wa Allah alkawarin ɗan fari, zan kai shi cocinmu na Kazaure ranar godiyar amfanin gona. Ki kula min da ita.

Taki kullum,
Dinatu

Roni

Dinatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ki gaishe min da Mama da babanki Malam Silvanus.

Kina can kina ɗura fate, nan kun bar mana wuta. Adda ta dawo daga tatsa ta tarar da akuya ɗaure a ƙofarta, ga igiya, ga kwano, ga dusa, babu sallama babu saƙo. Ta daɗe a tsaye da ƙwarya a hannu, sannan ta ce da ni, "Me na yi wa mutanen nan?"

A Roni aka haife ki, amma na ga wannan ya wuce ki. A wajen Adda, wanda aka ba kiwo in zai yi tafiya, zuwa yake da bakinsa ya ce ga amana a duba masa. In ya mayar da dabba da ciki, da komatsanta duka, bai ce uffan ba, to ya ce ya gaji da zumuncin ke nan. Kuma Adda ba kowa take ba kiwo ba. 'Yan uwa na jini sun nema ta hana, ta ba ki don tun kina rarrafe a cinyarta kike shan fura. Yanzu su ne ke zuwa jaje suna murmushi.

Na karanta mata wasiƙarki har ƙarshe. Ta ce ita ba ta gaisawa da takarda. Kawu Hamma ya so ya kai akuyar kasuwar Gwiwa don a daina ganinta, Adda ta ce a bari ta haihu. To ki sani, in ta haihu a turkenmu, kiwo ya ƙare, 'ya'yan na Adda ne. Na kuma san kakata. Ba za ta yi faɗa ba, ba za ta ƙara ɗaga maganar ba, ina kwana ce kawai za ta rage tsakaninku har abada. Hantsar akuyar ta cika, ba na jin za ta kai ƙarshen wata.

Ban faɗa don in ɓata miki hutu ba. Raina ne a ɓace, kuma ina kewarki, 'yar rainin hankali.

Bahijja

Zonkwa

Ƙawata Bahijja,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Adda ko ba za ta amsa ba.

Wasiƙarki ta sa ni kuka a bayan rumbu. Baba kuwa ya rasa inda zai sa kansa, don a nan garinsu in ka bar wa mutum dabba ka haɗa da abincinta, ka yi ladabi ke nan. Ya hau dutse yana ta gumi ya kira Kawu Hamma, Kawu ya ce masa ba komai. Baba ya sauko jiki a sanyaye, ya ce ya daɗe a Roni, ya san irin wannan ba koman.

Mama ta ce mu yi addu'a, Allah ya san zukatanmu. Na yi, amma ba zan ɓoye miki ba, roƙona shi ne akuyar ta riƙe cikinta har in yi waƙata. Ina son waƙar nan, Bahijja. Ban taɓa tsayawa gaban dangina duka ba.

Kakata ce ta kwance zancen. Tana ɓare gyaɗa ta sa na ba ta labarin tun daga farko, ta tambayi shekarun Adda, na ce za su yi sa'a. Sai ta ce, "Godiyar nan don ni ake yinta, ko? To ni na yafe muryarki. Tsohuwa na can tana tambayar me ta yi, ke kina nan kina gyara maƙogwaro." Ta ce Allah ba zai rasa mai waƙa ranar Lahadi ba, amma Adda ba ta da wata Dinatu.

Don haka 'yar baffana Happiness za ta ja waƙar, ita da ke haɗiye rabin baiti in murya ta yi sama. Na ba ta ankona, na ji zafi, na ba ta. Baba ba zai iya barin taron ba, shi ne babban ɗa, amma ya ce da ya dawo zai je ya durƙusa da kansa. Ni zan biyo Haladu a zuwansa na gaba. Ki faɗa wa Adda ina tafe.

Taki,
Dinatu

Roni

Dinatu,

Ina gaisuwa. Haladu na jira, ga shi a tsaye nake rubutu. Na faɗa wa Adda, ta ce hanya ta kowa ce. 'Yar Gata ta fara ƙin ci, tana tonon ƙasa da ƙafa. Kada ki tsaya yi min tsaraba.

Bahijja

Roni, Litinin

Zuwa ga Mama,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji, ke da Baba da kakata da kowa.

Na iso ranar Juma'a da yamma. Na durƙusa gaban Adda na ba ta haƙuri, ta bar ni a durƙushe tana dama fura har gwiwata ta mutu. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Akuyarki ba ta ci komai ba tun safe." Na kwance ta na ja ta zuwa turken gidanmu. Da na waiga, Adda na biye da ni da kwanon ruwan a hannu.

Asabar da hantsi 'Yar Gata ta haifi biyu, mace da namiji, Adda ce ungozoma. Ta ɗaga namijin, shi ne ya fara fitowa kuma ya fi girma, ta ce wannan ne na alkawari, kada in kuskura in musanya wa Allah da ƙaramar.

Ta hana ni kwana ni kaɗai, a ɗakinta nake tare da Bahijja. Jiya Lahadi na so in lafe, don raina na can wajen taronku. Sai na ji an yaye min zane. Ashe har ta sa Musaddiƙ mai acaɓa ya tsaya a ƙofa zai kai ni Kazaure. Ta ce, "Tashi, 'yar nan. Ba a ɗakina za ki makara coci ba."

Ki ce wa Happiness ta riƙe ankon.

'Yarki,
Dinatu