Goggo Mai Kitso

Zuwa ga Darnell Pruitt,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a gidan yarin. Sunana Geneva Tolliver. Tunda aka raba 'ya'yanka da uwarsu saboda shaye-shaye, alƙali ya naɗa ni in riƙa tsaya musu a kotu. Aikin sa kai ne, da can abinci nake dafa wa 'yan makaranta.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai masu son ɗaukar riƙon ƙaramar 'yarka Junie, amma ita kaɗai, wai yayarta Nyla ta yi girma. In ba a samu dangin da zai riƙe su tare ba, raba su za a yi. Nyla tana yawan zancen wata goggo mai yi mata kitso, tana ba ta dafaffiyar gyaɗa. Ma'aikatan kula da yara ba su san da ita ba. Wace ce?

Ka huta lafiya,
Geneva

Madam Tolliver,

Na gaishe ki. Yayata ce Odessa, kuma ba ni ba ita. Ita ta kai ƙarar gidana wurin hukuma a ɓoye. Na rantse na yanke zumunci da ita. Ki nemi wata hanya.

Na gode,
Darnell

Darnell,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Wace hanyar kuma? Na ga Junie lokacin da aka kawo ta, haƙarƙari duk a waje. Ashe Odessa ce kaɗai ta leƙa su? To, madalla da ita.

Jiya Nyla ta ja ni gefe, ta ce, "Ki faɗa wa sababbin mutanen, Junie ba ta barci sai an riƙe mata kunne. Kada su manta." 'Yar shekara takwas ta fara sallama da ƙanwarta, kai kana can kana riƙon rantsuwa. Ƙarshen wata za mu shiga kotu.

Allah ya sanyaya maka zuciya,
Geneva

Madam Tolliver,

Sannu da aiki. Gaskiya bakinki babu daɗi. Odessa tana garin Valdosta, bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, gida mai koriyar ƙofa. Kada ki ce daga wurina kika ji.

Sai na ji daga gare ki,
Darnell

Darnell,

Gaisuwa da albishir. Odessa ta zo kotu, ko kayan aikinta na asibiti ba ta tsaya cirewa ba. Alƙali ya ba ta yaran duka biyun. Da na koma mota sai da na yi kuka son raina, don na ji tsoro ba kaɗan ba.

Kuma na faɗa mata daga wurinka na ji. Ta ce in tambaye ka yaushe ne ranar ziyara.

Ka huta lafiya,
Geneva