Bukar, Wa Ke Riƙe Da Wayarka?

Zuwa ga ƙanena Bukar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan saƙo ya same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda kake. Inna da Baba suna gaishe ka. Na rubuta a nan intanet inda kowa zai gani ne domin na daina yarda da lambarka. Masu karantawa su yi haƙuri, maganar gida ce, amma ta fi ƙarfin gida.

Ka tuna lokacin da ka gama karatun ordinatar, wato kwamfuta, ka yi ta yawo da dosiyen takardunka daga wannan ofis zuwa wancan a cikin Damagaram, ba wanda ya kira ka? Wata rana ka dawo ka jefar da takardun a kan tabarma ka ce, “Yaya, yanzu ba diplom ake kallo ba, aikin hannu ake so a gani.” Ka yi mini bayani cewa duk mai koyon haɗa manhaja sai ya yi 'yan ƙananan ayyuka ya jera su a shafinsa na intanet, yadda tela ke rataye ɗinkinsa a ƙofar shago.

Ni malamar lakwal ce, makarantar boko, ban san komai a sana'arka ba, amma ni ka mayar abokiyar shawara. Ka fara da kalkuleta, ka ce kowane sabon shiga da ita yake farawa, ba wanda za ta burge. Na ce to ka yi abin da mutanenmu za su taɓa su ji daɗinsa. Sai ka yi manhajar da ke nuna farmasin da ke buɗe ranar hutu. Daga nan ka koma kan motocin Mirriya, ka riƙa bin tasha ranar kasuwa kana tambayar direbobi lokacin tashinsu, har suka ɗauka mutumin haraji ne kai. Tsohuwar ordinatar ɗinka ba ta riƙe caji, da an ɗauke wuta sai ta mutu da aikin a cikinta, ka dafe kai, ka sake daga farko.

Wadda ka fi so ita ce ta zakkar hatsi. Don Kawu Ari na Gouna ka yi ta: manomi ya sa yawan damman geronsa, ta faɗa masa abin da zai fitar. Da yake Kawu bai iya karatun boko ba, ka ce dole manhajar ta yi magana. Ka zaunar da ni da Inna a tsakar gida, ka yi ta naɗar muryoyinmu. Ƙirga, gaisuwa, sunayen kasuwanni, har da labarin ƙuruciyarta da ka sa ta yi ta ba ka don na'urar ta saba da harshenta. Inna tana dariya tana cewa, “Yau ni ce za a sa cikin waya?” Duk ka ɗora a shafinka, da hotonka da lambarka a sama.

Ta wannan shafi wani mutum ya same ka.

Da Faransanci ya rubuto. Ya ce kamfaninsu yana ƙetare, sun ga ayyukanka, kuma na muryar nan ne ya fi jan hankalinsu. Su za su biya jirgi, su ba da ɗaki. Da kuka yi hira ta bidiyo, shi yana ganinka, kai ba ka ganinsa. Baba ya tambaye ka, “Ɗan wane gari ne? Wa ya san shi?” Ka yi murmushi ka ce aikin zamani ba a tambayar dangi. Na lura sunan garin da za ka je ya canja tsakanin saƙon farko da na ƙarshe, na tambaye ka, ka ce reshe ne suka buɗe sabo. Bayan ƙaramar salla muka raka ka tasha, ka hau motar Yamai, ka bar wa abokinka Sani tsohuwar ordinatar.

Da fari kana kira. Ka aiko hoton ɗakinka, tagarsa da ƙarafa. Ka ce sun karɓi fasfo ɗinka za su yi maka takardun zama. A kiran da muka yi na ƙarshe kana magana a hankali, kamar mai gudun tada wani daga barci, alhali ka ce rana ce a wurinku.

Daga nan murya ta ɗauke, sai rubutu. Kullum da Faransanci, kullum kalmomi iri ɗaya: lafiya lau, aiki ya yi yawa, a gaida Mama. Bukar, tun da ka iya magana ba ka taɓa kiran Inna da Mama ba.

Na riƙa leƙa shafinka don in ji kamar kana kusa. Ayyukanka suka fara ɓacewa. Na farmasi ya tafi, na motocin Mirriya ya bi shi. Aka maye gurbinsu da sanarwa cewa ana neman matasan Damagaram masu koyon haɗa manhaja, su turo ayyukansu. Ga hotonka a jiki, kana murmushi, an rubuta cewa kai ne shaida.

Watan jiya Gwaggo Hajara ta iso daga Takieta da hantsi, mayafinta a karkace, tana kuka tun daga zaure. Ta ce Inna ta kira ta, ta ce Baba ya faɗi an kwantar da shi asibiti, a turo taimako maza ta wata lamba. Ta tura, sannan ta hau mota. Ta tarar da Baba a zaune yana shan shayi, Inna tana tsince shinkafa. Gwaggo ta rantse da Allah muryar Inna ce, har da 'yar gyaran muryar nan da take yi kafin ta fara zance. A nan na gane da muryarta da ka naɗa ka ɗora a shafinka aka kwaikwaye ta. Inna ta tashi ta ɗauko wayarta ta miƙa mini, har yau ba ta ƙara taɓa ta ba. Ko a cikin gida ma maganarta ta ragu.

Na je komisariya wurin 'yan sanda. Sun rubuta abin da na faɗa, wanda ya saurare ni ya ce ba ni ce ta farko da ta zo da irin wannan ba, mu yi haƙuri.

Lawali, wanda kuke koyo tare, ya ga sanarwar ya tafi. Sani ma sun rubuto masa, sun yaba wata manhaja da ya yi ta farashin gyaɗa. Na je na samu mahaifinsa na faɗa masa duk abin da na sani, ya kulle fasfon Sani a adakarsa. Yanzu Sani in ya hango ni sai ya sake hanya. Yana cewa hassada nake yi. Ban damu ba, tunda ina ganinsa yana tafiya da ƙafafunsa a unguwarmu.

Ran Talata na kasa daurewa, na rubuta a ƙarƙashin sanarwar cewa ni yayarka ce, a haɗa ni da kai in ji muryarka. Ina cikin aji wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga lambarka, kuma a karo na farko da Hausa: “Yaya Falmata, don Allah ki daina tambaya. Sun san gidanmu.” Kafin in amsa an goge shi. Jiya mai shagon bakin layinmu ya ce wani baƙo a kan babur ya tsaya ya tambaye shi ko nan ne gidan su Bukar, bai jira amsa ba ya wuce.

Na san wannan saƙon kai ne ka rubuta shi. Ka roƙe ni in yi shiru, ɗan ƙanena, ga shi ban yi ba. Ka yafe mini. Ba wanda ke fushi da kai a gidan nan, ko Gwaggo. Duk abin da suka sa hannunka ya yi, mun san ba da son ranka ba ne. Kada ka tsaya neman kaya ko takarda. In ka ga ƙofa a buɗe, ka fita.

Allah Ya tsare ka daga sharrin waɗanda ke riƙe da kai, Ya kau da idonsu daga kanka da kan Lawali. Allah Ya kare 'ya'yan mutane da ke shirin tura musu ayyukansu. Ya Allah, Ka dawo mana da shi Inna tana da rai. Amin.

Yayarka,
Falmata